GTA San Andreas: na sa Corolla a madadin Sultan, motar ta kafa hanci a ƙasa, na goge wasan na sake ɗorawa amma ba ta gyaru ba

Abba_Ganton:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman taimakon masana. GTA San Andreas na kwamfuta nake bugawa, tsohon nan na 2005. Na sauko da mod ɗin Toyota Corolla, wato gyaran da masu buga wasan ke ƙirƙira, na maye gurbin Sultan, wata mota ta cikin wasan, da ita. Fayilolin sultan.dff da sultan.txd na zuba su cikin gta3.img, babban fayil ɗin da ke riƙe da surar motoci, da manhajar IMG Tool, sannan na yi amfani da wata 'yar tsohuwar manhajar gyaran bayanan motoci na shigar da lambobin da mai mod ɗin ya rubuta, na girman taya da sauransu. Motar ta fito tsaf, har fitilunta na kamawa. Matsalar ita ce gabanta ya nutse cikin kwalta, bayanta ya ɗage sama kamar raƙumi zai durƙusa, tana ta karkarwa ita kaɗai. Da CJ, jarumin wasan, ya shiga sai ta yi tsalle ta kife, wani lokacin ma ta cilla shi sama. Sauran motoci lafiyarsu ƙalau. Na goge wasan gaba ɗaya na sake ɗorawa, abin yana nan daram. Windows 10 ne, RAM 8 GB. Sebin ɗina, wato ci gaban wasan da na adana, ya kai birnin San Fierro, don Allah ba na son in rasa shi.

Sadiq_Hotoro:
Wa alaikumus salam. Bairos ne. Ka yi fomatin kawai ka huta.

Injiniya_Bala:
Haba Sadiq, wane irin bairos ne zai bar duk abin da ke cikin kwamfuta ya je ya kama tayar Sultan kaɗai? Abba kar ka taɓa fomatin. Matsalarka tana cikin ɗayan fayiloli biyu da ke foldar data: ko vehicles.ide ko handling.cfg. Girman taya a vehicles.ide yake, nauyin mota da shoka da inda nauyin ya taru suna handling.cfg. Irin wannan nutsewar da karkarwar yawanci girman taya ne bai yi daidai ba. Buɗe vehicles.ide da Notepad, nemo layin da ya fara da 560, ita ce lambar Sultan, ka ƙirga gurabensa. Layin mota gurbi 15 ne. Uku na ƙarshe su ne girman tayar gaba, girman tayar baya, da rukunin tayoyin da ake iya sauya mata.

Ummi_Gamer:
Kafin ka shiga tone-tone ka duba Frame Limiter, mai taƙaita yawan hotunan da wasan ke nunawa a daƙiƙa, a kunne yake? Options, Display Setup, Advanced. Wasan nan an gina shi ne a kan gudu kaɗan, idan ka sake masa linzami a kwamfutar zamani motoci kan yi abin da ba a sa su ba, iyo ma sai ka ga CJ ba ya gaba.

Abba_Ganton:
@Ummi_Gamer a kunne yake 'yar'uwa, ban taɓa kashe shi ba. @Injiniya_Bala na duba yallaɓai. Gurbi 15 cif. Na ma kwatanta da na abokina wanda bai taɓa sa mod ba, layin 560 ɗinmu iri ɗaya ne harafi da harafi. Na SULTAN a handling.cfg ma haka. Abin ya ɗaure min kai.

Kwamanda99:
To ai shi ke nan, mod ɗin ne lalatacce. Da yawan motocin nan an ciro su ne daga wasu wasannin tsere an cusa su a San Andreas ba tare da an daidaita ƙasan motar ba. Ni na taɓa sa Hilux da tayoyinta ke yawo a gefe, motar na tafiya suna binta a baya. Nemi wata Corollar, sun fi ashirin a shafukan mod.

Malam_Tukur_Zariya:
Wane bugu na wasan gare ka? Wannan ita ce tambayar farko da ya kamata a yi. Bayan abin kunyar nan na Hot Coffee, ɓoyayyen sashen batsa da aka tono a wasan a 2005, Rockstar, kamfanin wasan, sun fitar da bugu na biyu, wato 2.0, wanda ba ya shiri da gyare-gyare. Kusan duk kayan aikin mod, CLEO da Mod Loader da sauransu, a kan 1.0 aka gina su. Kuma sebin ɗin 1.0 ba ya buɗuwa kai tsaye a 2.0, saboda fayil ɗin main.scm ɗinsu daban ne. Idan ka sake ɗorawa daga wani faifan daban ka kula da wannan.

Abba_Ganton:
1.0 ne Malam. Wanda ya tura min shi a kasuwar waya ya ce an riga an mayar da shi 1.0, kuma CLEO na aiki a kai.

Dan_Fulani_Yola:
Ni tambayata daban ce. Yaya ake sa mod a na waya? Tun da na sauya waya ba na iya shiga foldar Android/data.

Ummi_Gamer:
@Dan_Fulani_Yola tun daga Android 11 aka tsaurara shiga wannan foldar. Foldar wasan com.rockstargames.gtasa take. Wasu na samun shiga da ZArchiver, wasu sai sun haɗa wayar da kwamfuta ta kebul. Amma ka buɗe naka zaren, na waya tsarin hotunan jikin mota ma daban ne da na kwamfuta, za mu rikita wa Abba lissafi.

Hamza_Debug:
Ku dakata. Akwai abin da kowa ya tsallake a bayanin Abba. Ya ce ya goge wasan ya sake ɗorawa, kuma layin 560 ya koma irin na asali. To Abba, yanzu idan ka shiga wasan, wace mota kake gani, Sultan ta asali ko Corolla?

Abba_Ganton:
Corolla mana.

Hamza_Debug:
Bayan ka sake ɗorawa ka sake zuba ta a gta3.img?

Abba_Ganton:
A'a wallahi. Ban sake taɓa komai ba. Kai! Sai yanzu na lura. To daga ina take fitowa?

Hamza_Debug:
Yawwa. Wasan ba fayilolin da kake dubawa yake karantawa ba. Ina kyautata zaton a cikin Program Files ka ɗora shi. Tun daga Windows Vista, ba a barin manhaja ta rubuta a Program Files sai da izinin administrator. Tsofaffin manhajoji masu 32-bit da aka rubuta kafin wannan dokar ba su san da ita ba, don haka maimakon Windows ya hana su, sai ya yi musu wayo: ya kwafi fayil ɗin zuwa wata ɓoyayyiyar folda mai suna VirtualStore, ya bar su suna rubutu a can suna zaton na ainihi suke gyarawa. IMG Tool tsohuwa ce, manhajar da ka gyara lambobi da ita ka ce tsohuwa ce, shi kansa gta_sa.exe, fayil ɗin buɗe wasan, tsoho ne. Su ukun kwafin VirtualStore suke gani. Notepad kuwa na zamani ne, na Program Files yake nuna maka, shi ya sa ka ga layin lafiya lau. Kuma goge wasa ba ya share VirtualStore, ko sau nawa za ka goge.

Ga gwaji mai sauƙi. Danna gta_sa.exe da maɓallin dama ka zaɓi Run as administrator. Idan ka ga Sultan ta asali ta dawo a miƙe, magana ta ƙare. Sannan ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta %localappdata%\VirtualStore, ka bi Program Files (x86), Rockstar Games, GTA San Andreas. Ka gaya mana abin da ka tarar.

Sadiq_Hotoro:
Ai da ya yi fomatin da duk wannan ya tafi.

Injiniya_Bala:
Da sebin ɗinsa ma ya tafi, Sadiq. Hamza Allah ya ƙara basira, wannan bai zo min a rai ba.

Alhaji_Sani_K:
Yara, duk wannan ƙwaƙwalwar da kuke zubawa a kan motar da ba ta ɗaukar fasinja, da a kan karatu ko sana'a kuka sa ta da an ga amfani. Wasan ma na harbe-harbe da satar mota.

Hamza_Debug:
Allah ya ƙara girma Alhaji. Gaskiya wasan ba na yara ƙanana ba ne, a jikin kwalinsa ma an rubuta. Amma ni ta kan handling.cfg na fara sanin cewa abin da ke kan allo lambobi ne a cikin fayil, kuma mutum na iya sauya su. Yanzu da rubuta manhaja nake cin abinci.

Abba_Ganton:
Allahu Akbar! Hamza ka gama da ni. Da na buɗe da administrator Sultan ta asali ce ta fito garau. A VirtualStore kuma na tarar da gta3.img guda, sama da 900 MB, ga foldar data da vehicles.ide a ciki. Ga layin da ke can:

560, sultan, sultan, car, SULTAN, SULTAN, null, richfamily, 10, 0, 0, -1, 0,7, 0,7, 0

Ni dai ban ga laifinsa ba, lambobin da mai mod ya bayar ne.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum daga Maraɗi. Ɗan'uwa ga laifin nan a fili. Dubi ƙarshen layin: 0,7 aka rubuta da waƙafi, alhali 0.7 ya kamata da ɗigo. Mu nan da muke aiki da Windows na Faransanci mun saba da wannan ciwon kan. A tsarin Faransa waƙafi ake sawa tsakanin cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, kuma wasu ƙananan manhajoji idan za su adana lamba sai su bi tsarin da kwamfutar take kai. Shi kuwa wasan waƙafi a wurinsa rabewa ce tsakanin gurbi da gurbi. Don haka ya karanta tayar gaba 0, tayar baya 7. Ka ga dalilin da gaba ya nutse baya ya tashi. In tambaye ka, kwamfutarka ba 'yar Kwatano ba ce? Haruffan saman madannanta A Z E R T Y ne ko Q W E R T Y?

Abba_Ganton:
AZERTY ne! 'Yar gwanjo ce, an dai juya mata harshe zuwa Turanci kafin in saya.

Issoufou_Maradi:
To harshen aka juya, tsarin lambobi yana nan na Faransa. Shiga Control Panel, Region, Additional settings, wurin Decimal symbol ka mayar da shi ɗigo. In ba haka ba duk lokacin da ka adana da waccan manhajar za ta sake yi maka. Layin kuma ka gyara shi da hannu a Notepad ya zama -1, 0.7, 0.7, 0. Ka leƙa ko akwai handling.cfg a can VirtualStore ɗin, idan akwai shi ma ka duba layin SULTAN, don can lambobi masu ɗigo sun fi yawa, guda ɗaya ta rabu biyu duk na bayanta sun goce daga gurbinsu.

Injiniya_Bala:
Wannan gocewar ita ce mugun abu a fayilolin wasan nan. Ba ya duba ko lambar ta yi ma'ana, abin da ya tarar a gurbi shi yake ɗauka. Misali layin INFERNUS na asali ya fara da nauyi 1400.0, can gaba akwai giya 5, iyakar gudu 240.0, sai 30.0 na ƙarfin tashi. Ka share lamba ɗaya a farko, sai 240 ta faɗa gurbin yawan giya. Wani abin lura a handling.cfg: babura suna da ƙarin layi mai farawa da alamar !, jiragen ruwa %, jiragen sama $. Kuma akwai layin ;the end a ƙarshe, abin da ka rubuta a ƙasansa wasan ba ya karantawa. Mutane da yawa a nan suke liƙa layin sabuwar mota su zo suna cewa bai yi aiki ba.

Hamza_Debug:
Abin dariya, su kansu Rockstar sun yi irin wannan a vehicles.ide ɗin, kuma ya kwanta kusan shekara 20 ba wanda ya sani. Akwai jirgin nan mai sauka a ruwa, Skimmer, lamba 460. A Vice City a rukunin jiragen ruwa yake, su kuma layinsu gurbi 11 ne, ba ruwansu da taya. Da aka kawo shi San Andreas aka mayar da shi jirgin sama amma aka manta ba a ƙara masa gurabe huɗun ƙarshe ba. Wasan bai tanadi abin da zai sa idan gurbi ya ɓata ba, sai ya riƙa amfani da abin da ya rage a ƙwaƙwalwa daga layin da ya gabata, na motar Topfun, wato 0.7. Lambar ta yi daidai da hankali, jirgi ya yi ta tashi lafiya. Da Windows 11 24H2 ya fito, ya sauya yadda yake amfani da wannan ɓangaren ƙwaƙwalwar, sai wata lambar banza ta hau kan 0.7 ɗin. Jirgin ya ɓace daga inda ake samunsa, wanda kuma ya kira shi da dabara ya shiga sai ya tsinci CJ a tsayin da ya kai lamba 1 da sifili 31 na mita. Silent, mai yin SilentPatch, facin da ke gyara kurakuran wasan, shi ya bi diddigi ya wallafa bayanin a watan Afrilun 2025. Maganin? A ƙara -1, 0.7, 0.7, -1 a ƙarshen layin 460. Gurabe iri ɗaya da waɗanda suka kayar da Corollar Abba.

Kwamanda99:
Ikon Allah. Ni kuwa 24H2 nake kai, na yi ta neman jirgin nan a bakin ruwa ban gan shi ba, na ɗauka wani mod ne ya cinye shi.

Malam_Tukur_Zariya:
Labari mai kyau, amma mu koma kan tushe. Duk wannan wahalar ta samo asali ne daga taɓa fayilolin asali. A wannan zamanin ba wanda ya kamata ya buɗe gta3.img don sa mota. Ka sa ASI Loader, wanda ke ba wasan damar ɗaukar ƙarin kayan mod, da Mod Loader, ka buɗe folda a cikin modloader ka sa mata suna Corolla, ka zuba dff da txd da takardar bayanin mai mod ɗin. Shi da kansa yake tsinto layukan handling da na vehicles.ide daga cikin takardar. Ba ka so, ka cire foldar, wasa ya koma yadda yake. Kuma yana rubuta modloader.log, inda za ka ga abin da ya ɗauka da abin da ya ƙi. Na biyu, ka fitar da wasan daga Program Files, ka sa shi a C:\Games ko wani faifan. VirtualStore ba ya bin ka can.

Injiniya_Bala:
Na yarda da fitar da shi daga Program Files ɗari bisa ɗari. Batun Mod Loader kuwa ina da ja, Malam. Yana da kyau, ni ma ina amfani da shi. Amma yaran da suka fara da shi ba su san abin da ke cikin fayilolin ba, ranar da abu ya lalace sai su tsaya suna kallo. Wanda ya taɓa ƙirga gurabe da hannunsa shi ke gane inda ciwo yake. Ka kwafi foldar data da gta3.img ka ajiye gefe, sannan ka yi duk ɓarnar da kake so.

Malam_Tukur_Zariya:
Injiniya, ba kowa ne ya zo koyon kanikanci ba. Wani Corolla kawai yake so ya tuƙa a San Fierro.

Ummi_Gamer:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma Mod Loader ma ba ya maganin komai. Ni da na tara motoci masu nauyi sai tituna da gine-gine suka fara ɓacewa, ina tuƙi a kan iska. Wasan 50 MB kacal ya ware wa abubuwan da yake lodawa yana saukewa, mota guda ta zamani kuma tana iya cin kaso mai tsoka a ciki. Sai da na ƙara wannan ma'aunin da limit adjuster, mai ɗaga iyakokin wasan, na kuma yi wa gta_sa.exe facin da ke ba shi damar wuce 2 GB na RAM, sannan gari ya dawo.

PES_Master_Gombe:
Mu 'yan ƙwallo ma haka muke fama. Ka sa facin sababbin riguna a PES 2017 ka manta jerin DpFileList da ke gaya wa wasan facin da zai loda, sai ka ga 'yan wasa sun fito da fararen riguna ba lamba.

Abba_Ganton:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na gyara waƙafin, na sauya tsarin lambobi yadda Issoufou ya ce, na kwashe wasan zuwa D:\Games, na dawo da fayilolin da na gyara cikinsa, na share na VirtualStore. Babu handling.cfg a can, ashe shi ban adana shi ba. Corolla ta tsaya da ƙafafunta huɗu, na zaga Doherty da ita har Gant Bridge. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Na koma Los Santos, duk lokacin da na matso kusa da garejin gidan Ganton sai wasan ya fice da kansa ba sallama. Ko'ina lafiya, nan ne kawai.

Hamza_Debug:
Me ka ajiye a garejin?

Abba_Ganton:
Sultan ce, tun kafin in sa mod. Na kai ta garejin ƙawata motoci na Wheel Arch Angels na sa mata bamba da salansa da fiffiken baya.

Hamza_Debug:
To ga zargina. Sebin yana riƙe da lambar motar da jerin kayan da aka ɗaura mata. Da ka matso, wasan zai gina mota 560 ya ɗaura mata kayan Sultan, amma jikin da ya tarar na Corolla ne, kuma ba kowane mai mod ne ke tanadar wuraren ɗaura waɗannan kayan ba. Ka mayar da Sultan ta asali na ɗan lokaci, ka fito da motar daga gareji, ka yar da ita a titi, ka yi sebin, sannan ka dawo da Corolla. Kafin komai ka kwafi fayil ɗin sebin ɗin. Yana Documents, cikin GTA San Andreas User Files, sunayensu GTASAsf1.b har zuwa GTASAsf8.b.

Kwamanda99:
Ban yarda ba. Ni na ajiye Elegy mai kaya a gareji na sauya ta da BMW, wasan bai fice ba, fiffiken ne kawai ya tsaya a iska bayan motar. Ina ga carmods.dat ɗinsa ne, fayil ɗin jerin kayan da ake ɗaura wa kowace mota, ya taɓu. Ko ya goge gta_sa.set ya gani, shi ma yakan kawo ficewa.

Injiniya_Bala:
gta_sa.set saitin allo da madannai yake riƙewa, idan ya lalace tun wajen buɗewa wasan ke mutuwa, ba sai an je Ganton ba. Batun carmods.dat kuwa abin dubawa ne. Abba, mai mod ɗin ya ba da layin carmods a takardarsa? Idan ya bayar, ka sa ko ba ka sa ba?

Malam_Tukur_Zariya:
Ka ga da Mod Loader ne, gwajin da Hamza ya faɗa cire folda ɗaya ne kawai. Yanzu sai ya nemo sultan.dff na asali ya sake buɗe gta3.img.

Issoufou_Maradi:
Yana da shi ai. Wanda ya sake ɗorawa a Program Files ba a taɓa shi ba, sai dai in ya rubuta nasa a kai lokacin kwashewa.

Abba_Ganton:
Na rubuta a kai, amma zan karɓo na abokina a filashi. @Injiniya_Bala akwai layin carmods a takardar, ban sa ba don ban san inda ake sa shi ba. An ɗauke wuta kuma batirin ya kusa ƙarewa, gobe in sha Allahu zan gwada duka biyun, na Hamza da na carmods ɗin.

Injiniya_Bala:
Ɗaya bayan ɗaya ƙanena, kar ka haɗa su, in ba haka ba ba za mu san wanne ya yi aiki ba. Fara da carmods, yana foldar data, ka nemo layin sultan a ƙarƙashin sashen mods ka musanya shi da nasa.

Dan_Fulani_Yola:
Na buɗe nawa zaren na waya, ba wanda ya leƙo. @Ummi_Gamer don Allah.